Goggo Zumreta da Limamin Bariki

Brezik, Bosniya
Afrilu, 2010

Zuwa ga ɗana Vehid,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa gare ka, da Senada, da 'yan yaranku. Ina fata sanyin bana bai taɓa ƙirjin ƙaramar ba. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwa ce take yi min gardama in zan hau tudu, kunne kuwa ka san yadda ƙarar yaƙi ta bar shi. Saboda haka kada ka sake kirana a waya. Ranar da ka kira gidan maƙwabciyata Fata, na manna abin nan a kunne ina ta cewa to, to, alhali ban ji komai ba. Ka rubuto a takarda, in sa tabarau in karanta a natse.

Dusar ƙanƙara ta narke, tumaki sun haihu lafiya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan cikina Nermin. Ya zo hutu, ya gaya min an mayar da shi barikinku, cikin masu tonon nakiyar da aka binne lokacin yaƙi. Yana cin abinci ya faɗa, kamar wanda aka ba gadin ƙofa. Ban yi kuka a gabansa ba. Yaƙin nan ya ci ubansa Refik, yanzu kuma ɗan zai durƙusa yana tono abin da yaƙin ya manta a ƙasa.

Ka san na yi fushi da kai ranar da ka bar masallacin gari ka sa kaki. Na ce ɗan yayana da na goya, na kai shi makaranta da hannuna, ya rasa inda zai kai karatunsa sai wurin masu bindiga. To yau na ga ranar abin. Ka sa min ido a kan yaron nan. Abin da yake ci, wanda yake yawo da shi, ko yana salla, ko akwai wata yarinya, duk ka rubuto min.

Kuma ka gaya min gaskiya, me liman yake yi a bariki in ba ranar Juma'a ba? Fata ta ce wai ɗakinka yana jikin na limamin cocin Sabiyawa, mutanen da muka yi yaƙi da su, har kofi kuke sha tare. Na ce mata ta ji tsoron Allah.

Ni ce goggonka,
Zumreta

*

Daga bariki
Afrilu, 2010

Goggona abar ƙaunata,

Amin, alaikumus salam. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Senada tana gaishe ki, ƙaramar ta warke har ta koma yi wa yayanta ƙeta. Allah Ya ba gwiwarki haƙuri da ke, don na san ba hutu kike ba ta ba.

Sai dai ki je ki ba Fata haƙuri, gaskiya ta faɗa. Tun da aka haɗa rundunoni ukun nan da suka yaƙi juna suka zama soja ɗaya, aka ba mu ɗakuna uku a jere. Nawa mai darduma ne. Na tsakiya na Fada Stevan ne, limamin cocin Otodoks, mai kula da yaran Sabiyawa. Na ƙarshe na Fada Ivo ne, na Katolika. Murhun dafa kofi ɗaya aka ba mu, don haka ko mu sha tare ko mu yi faɗa a kansa. Mun gwada na biyun, bai yi daɗi ba.

Kin tambayi aikina. An ba ni kaki, ba a ba ni bindiga ba, kuma iyayen gida biyu gare ni. A kan addini Muftin soja da ke Sarajevo nake bi, kamar yadda su Fada suke bin bishop ɗinsu. A kan hutu da mota da takalmi kuwa, sai abin da kwamanda ya ce. Ba wannan barikin kaɗai nake riƙe ba, akwai wasu ƙanana da nake zagayawa, don limaman ba su kai yawan barikokin ba. Ina leƙa kicin in tabbata tukunyarmu ba ta haɗu da ta naman alade ba. Ina zuwa asibiti. Makon jiya na tsaya gaban kwamanda ina naci har ya ba wani kofur hutu, matarsa ta haihu da kyar. Amma mafi yawan aikin zama ne. Soja ya shigo wai ya zo tambayar hukuncin alwala, sai kofi ya huce ki ji ashe aurensa ne yake tangal-tangal.

Mu ukun muna da ƙa'ida. In yaro ya zo da damuwa bai sami nasa limamin ba, wanda yake nan ya ba shi kujera, ya saurare shi, ya aika a kira nasa. Ba mai jan ɗan wani zuwa addininsa.

Nermin yana nan ƙalau, yana ci kamar biyu. Aikinsu bibbiyu ake yi, ɗaya ya durƙusa a layi yana bincike, ɗaya ya tsaya daga baya yana lura da shi, sai su yi musanya. Abokin layinsa sunansa Slavko, ɗan Sabiyawa ne daga wani ƙauye wajen Doboj, dogo mai muguwar murya da son waƙa. Yana kiran Nermin Alhaji saboda salla, shi kuma Nermin yana kiransa Bishop. Sajan ɗinsu ya ce bai da waɗanda suka fi su natsuwa a filin nakiya.

Yanzu ga inda za ki ja min kunne. Abin da idona ya gani a fili zan gaya miki. Abin da soja ya faɗa min a ɗaki kuwa ba nawa ba ne, ko kwamanda ba na ba shi. Ranar da yaran nan suka ji liman yana kai rahoto gida, ba wanda zai sake taka dardumata, Nermin ne ma zai fara gudu. Ki yi min uzuri.

Ɗanki,
Vehid

*

Brezik
Mayu, 2010

Malam Liman mai iyayen gida biyu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya sauka sosai, ciyawa ta yi kyau.

Na karanta wasiƙarka har sau biyu. Wato ni da na wanke maka wando lokacin da ba ka san gabas ba, yau ni ake ɓoye wa magana da sunan aiki. To na ji. Ubanka ma haka yake, in ya kafe sai dai a bar shi. Ban ce na yarda ba, na ce na ji.

Nermin ya zo ya taya ni askin tumaki. Bakinsa bai huta da Slavko ba. Slavko ya ce kaza, Slavko ya yi kaza, wai uwarsa ma ita kaɗai ce a gida da saniya ɗaya. Na so in tambaya a wane tudu ubansa ya tsaya lokacin yaƙi, sai na haɗiye. Yaro yana dariya, ban ga dalilin kashe masa ita ba.

Na ba shi saƙo ya kawo maka, pita, burodin nan namu mai cuku, da safar ulu ƙafa uku. Ɗaya taka, ɗaya tasa. Ta ukun doguwa ce, zaren ne ya yi min yawa. Ku ba wanda kuka ga dama, ni ban ambaci sunan kowa ba.

Ka gaida Senada, ka ce mata ta daina barinka kana shan kofin ƙattin nan, ba su iya dafawa ba.

Goggonka

*

Brezik
Yuli, 2010

Vehid,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ni ban san ko lafiyata ƙalau ba.

Fata ta shigo min da gudu, ta ce an faɗa a talabijin nakiya ta tashi da wani soja a wajenku, ba a faɗi suna ba. Ina riƙe da bokitin madara, ban san lokacin da na ajiye shi ba. Mijinta ya yi ta buga waya har ya sami wani a bariki da ya ce ba Nermin ba ne. Na faɗi na yi sujada a tsakar gidansu. Da na ɗago sai kunya ta kama ni, don na san a daidai lokacin wata uwa ce aka ce wa nata ne.

Tun ranar shiru. Bai zo ba, bai aiko ba, kai ma haka. In ya ji rauni kuna ɓoye min, wallahi ba ku kyauta ba. Na binne miji, ba abin da za ku faɗa da ban taɓa ji ba. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Zumreta

*

Daga bariki
Yuli, 2010

Goggo,

Alaikumus salam. Ki gafarce ni, kwanakin nan ban zauna ba. Mu duka lafiya.

Nermin ko ƙwarzane bai samu ba, da idona na gan shi, da hannuna na taɓa shi. Slavko ne Allah Ya yi wa rasuwa. Nermin yana bayansa lokacin da abin ya faru.

An cire Nermin daga fili na ɗan lokaci. Ba ya son zuwa gida tukuna, kada ki matsa masa. Kusan kullum da yamma yana wurin Fada Stevan, ni ne ma na kai shi. Abin da yake nema yanzu a can yake, ba a wurina ba. Fiye da haka ba ni da izinin faɗa.

Gobe zan bi wata rundunar zuwa sansanin horo a kudu. In na dawo zan rubuto a tsanake. Ki yi masa addu'a.

Vehid

*

Brezik
Yuli, 2010

Vehid,

Na gaishe ka don addini ya ce a yi gaisuwa.

Na karanta takardarka, na cire tabarau na goge na sake karantawa, ko idona ne. Na kai wa Fata ta karanta min a kunne. Abin da na gani shi ta gani. Ɗana yana wurin limamin coci kullum, kai ka kai shi da ƙafarka, kuma abin da yake nema ba ya wurinka.

Me Musulmi zai nema ya rasa a wurin limaminsa? In karatun da ka yi bai isa ya rarrashi yaro ɗaya ba, me ka je yi can? Kai ka rubuto min cewa ba mai jan ɗan wani. Ashe ba sai an ja ba, miƙa musu ake yi. Yaro yana cikin ruɗani, zuciyarsa a buɗe, lokacin ne ka ga ya dace ka tura shi ɗakin gumaka da kyandir?

Na ji mutuwar yaron nan Slavko har raina, Allah Ya sani. Amma Refik bai mutu a kan tudun nan don a wayi gari ɗansa yana sumbatar gicciye ba. Na ba ka amanar abu ɗaya da ya rage min.

In ba za ka iya ba, ka faɗa. Na san hanyar Sarajevo, zan je in sami Muftin naku in yi masa magana, ko ba na ji ai ina iya faɗa.

Zumreta

*

Brezik
Agusta, 2010

Ɗana,

Sallama. Har yanzu ba amsa. Ban sani ba ko fushi ka yi ko gaskiya ce ta hana ka magana. Na faɗi maganganu masu zafi, wasu na so in bi motar wasiƙu in karɓo su. Ban je Sarajevo ba, gwiwar ba ta yarda ba, zuciyar ma haka.

Azumi ya ƙarato. Ina tuna shekarar da ka fara naka, ka ɓuya bayan rumbu da tuffa, na gan ka na kau da kai. Ni ba maƙiyiyarka ba ce, Vehid. Tsoro nake ji. Ka gaya min inda ɗana yake.

Goggonka

*

Daga bariki
Agusta, 2010

Goggona,

Alaikumus salam wa rahmatullah. Jiya na dawo daga kudu na tarar da wasiƙunki biyu, Fada Ivo ya adana min su. Na karanta mai zafin a tsaye, ta biyun sai da na zauna. Ban yi fushi ba. Na rubuta miki magana guntuwa cikin gaggawa, a matsayinki ni ma haka zan fahimta. Muna lafiya, yara suna ta tambayar yaushe za a je Brezik.

Na nuna wa Nermin wasiƙunki. Ya ce in gaya miki komai, shi ba zai iya ba. Don haka yanzu bakina a buɗe yake.

Ranar da abin ya faru, Fada Stevan ya bi hafsan da zai kai wa iyali labari, don haka dokarmu take, limamin mamaci ne yake zuwa. Ni na tafi fili wurin masu rai. Na tarar Nermin ne ya rarrafa da gwiwa ta layin da aka riga aka share har ya isa wurin Slavko, ya riƙe shi kafin masu magani su iso. Slavko bai rasu nan take ba. Ya fara wata addu'a da tsohon harshen cocinsu, numfashi bai bar shi ya ƙarasa ba. Sannan ya ba Nermin saƙo zuwa ga uwarsa.

Bayan kwana biyu Nermin ya zo ɗakina ya tambaye ni ko addu'ar da aka yanke a tsakiya tana isa. Na amsa masa da abin da na sani, cewa Allah Yana jin abin da harshe ya gaza. Ya ce, "Yaya, namu na sani. Nasa nake son in ji, don da nasa ya tafi." Goggo, ni ban san addu'ar nan ba, kuma ba zan ƙirƙiro masa amsa ba. Na kama hannunsa muka shiga ɗaki na gaba. Ya maimaita wa Fada Stevan kalmomin da ya riƙe, Fada ya gane ta, ya gaya masa ma'anarta da inda ta ƙare. Dattijon nan ya yi kuka ranar. Abin da nake nufi ke nan da na ce ba a wurina yake ba.

Salla kuwa, Nermin bai taɓa riƙe ta kamar yanzu ba. In lokacin magariba ya yi yana can, Fada Stevan ne yake duba agogo ya ce masa, tashi Alhaji, maƙwabcina yana jira.

Abin da ya hana shi barci shi ne saƙon. Uwar Slavko sunanta Milka. Shi kaɗai ta haifa, mijinta ma yaƙin ya ci, a ɗaya ɓangaren. Ranar jana'iza Nermin ya matso zai yi mata magana, ta dube shi ta ce a janye mata shi, ba ta son ganin wanda ya dawo da ƙafafunsa. Tun ranar yake yawo da maganar a ƙirji. Ya ƙi ba kowa ya kai, ya ce shi aka ba. Fada Stevan yana zuwa ƙauyen duk mako, ya sha kofinta, ya ambaci sunan Nermin, ta canza magana. Zuwan da Nermin yake yi da yamma, jin yadda aka kwana yake zuwa yi.

Wannan makon ta amsa. Su ma suna addu'ar arba'in a kabari, kamar yadda muke tamu. Ga abin da ta ce wa Fada: "Ya zo ranar arba'in. Amma ya zo da uwarsa. Ina son in ga matar da aka bar wa nata."

Nermin ya ce ba zai roƙe ki ba, ya san tun yaƙi ba ki taka ƙauyen Sabiyawa ba. Ni ma ba umarni nake ba ki ba, wa ya isa. Ban san abin da matar nan za ta faɗa miki ba, mai yiwuwa mai ɗaci ne. Ranar za ta faɗo a makon farko na azumi, kuma ni an tura ni wani barikin jan tarawihi, ba zan kasance ba. In kin ce a'a, ba wanda zai zarge ki, zan nemi wata hanya.

Allah Ya kai mu watan lafiya.

Ɗanki mai neman albarkarki,
Vehid

*

Brezik
Agusta, cikin azumi

Ɗana Vehid,

Sallama, da barka da shan ruwa gare ku duka. Ina lafiya, gwiwar ta kumbura amma ta yi aikinta. Ban amsa maka da wuri ba saboda ban san amsar ba sai da na gan ni a cikin mota.

Nermin ya zo ya ɗauke ni. Da na gan shi a ƙofa na gane abin da kake faɗa, wuyansa ya fito daga riga kamar na ɗan tsako. Ban tambaye shi komai ba. Na sa mayafina mai duhu, na ɗauki kofi da sukari kamar yadda ake zuwa gaisuwar mutuwa, muka hau bas. Duk hanya ina kallon gidajen da ba a sake yi wa rufi ba, nasu da namu, ban iya bambancewa ba.

Fada Stevan ɗinka ya tare mu a tasha da wata mota da ta girme ka. Na ɗauka zan ga wani ƙato mai ban tsoro, sai ga ɗan tsoho mai tari. Ya sa hannu a ƙirji ya gaishe ni daga nesa, bai miƙo min hannu ba. Na ce a raina, wannan an koya masa. Ya yi ta magana a hanya, ni ina cewa to.

A maƙabarta na tsaya daga baya, jikin shinge. Suka kunna kyandir, ya yi karatunsa da hayaƙin turare. Ban yi abin da suke yi ba, ba wanda ya nemi in yi. Na gane Milka ba tare da an nuna min ba. Gajeriya ce, hannuwanta irin nawa. Da aka gama ta ratso mutane ta zo ta tsaya gabana, ta dube ni daga kai har ƙafa. Na shirya wa duk abin da za ta faɗa. Ta yi magana, ban ji ba. Na nuna mata kunnena na ce yaƙi. Ta daɗe tana kallona, sai ta ɗaga hannunta na hagu, yatsu biyu babu. Ta kama gefen mayafina ta ja ni muka tafi gidanta.

An cika tebur da abinci, mutane suka zauna. Ta miƙo min dafaffiyar alkama da zuma, wadda suke yi wa mamaci. Na rasa yadda zan yi, don ƙin karɓa a irin wannan rana cin fuska ne. Fada ya sunkuya ya gaya mata muna azumi. Ta ɗauke kwanon ta rufe da faranti, ta ajiye a taga. Ita ma ba ta zauna a teburin ba.

Ta kira Nermin kicin, ta yi min alama in biyo su. Ya tsaya a gabanta kamar mai jiran hukunci, ya faɗi abin da ya kawo. Bai yi tsawo ba. Ni leɓensa kawai nake gani. Na ga ta dafa murhu, na ga ta sa shi ya maimaita. Sannan ta yi wata 'yar dariya da hawaye, ta ce wani abu, ta kai masa duka a kafaɗa irin wanda nake yi masa in ya shigo da takalmi. Yaron nan ya durƙushe a ƙasa ya sa kansa a gwiwarta, ya yi kukan da bai yi a gabana ba tun yana ƙarami. Ina tsaye wata mata tana shafa kan ɗana. Na ɗauka zan ji kishi, ban ji ba. Na juya na wanke mata kofunan da suka taru.

Baƙi suka watse, Milka ta hana mu tafiya har bas ɗin yamma ya wuce mu. Muka zauna ni da ita a benci a ƙofar gida. Ba hira muka yi ba, da me za a yi? Ta nuna min saniyar, na nuna mata da hannu yawan tumakina. Jim kaɗan sai ta tashi ta je bakin shinge ta leƙa bayan tudu, ta dawo. Ta yi haka ya fi sau uku kafin na gane rana take duba mana. Da ranar ta faɗi, ita ta fara gani. Ta shiga da sauri ta kawo ruwa da kwanon nan na taga, da cokali uku. Sai a lokacin na san ita ma ba ta sa komai a bakinta ba tun safe. Nermin ya yi salla a ɗakin Slavko, ni a bayansa, ta shimfiɗa mana bargo mai tsabta.

Ka gaida Fada Stevan, shi ya dawo da dare ya kawo mu har ƙofar gida. Ka ce masa ya nemi zuma da tafarnuwa don tarin nan. Maganar Mufti kuma ka manta da ita, sai dai in ka gan shi ka ce ya ƙaro muku limamai, ba daidai ba ne mutum ɗaya yana yawo bariki bariki cikin azumi.

Nermin ya kwana biyu a gida, ya yi barci har rana ta take. Ya ce zai koma fili bayan salla. Ban hana shi ba, kai dai ka riƙa zuwa kana tsayawa a bakin layin.

Abu ɗaya ne ya ɓata min rai, kuma sai na faɗa maka. Da za mu shiga mota, matar nan ta kama fuskar Nermin da hannu biyu ta jujjuya, sannan ta sa bakinta a kunnena ta ɗaga murya yadda duk ƙauyen zai ji. Ita ce kaɗai maganarta da na ji a ranar. Ta ce, "'Yar'uwa, ki riƙa ba yaron nan abinci, ya rame."

Ni Zumreta za a koya wa ciyar da ɗa? Na ce mata ta zo Brezik ranar salla ta gani da idonta. Nermin ya gaya min ta ce za ta zo in ta sami mai tatsar mata saniya. Don haka ka zo da Senada da yara da wuri, ka taho min da babbar tukunyarku, tawa ba za ta isa ba.

Ni ce goggonka mai sa maka albarka,
Zumreta